Tsohuwa Ba Ta da Zobe

"Na ce ka buɗe kejin nan."

"Ba zan buɗe ba, Kawu."

"To matsa in buɗe da kaina."

Dogo bai matsa ba. Ya tokare tsakanin kawunsa da kejin ƙarshe, wanda aka lulluɓe da tsofaffin buhuna ta kowane gefe. Hantsi ya fara dukan saman benen. Kawu na ta haki, don matakala ashirin da biyu ba wasa ba ce ga mai shekara saba'in. A hannunsa akwai wata takarda da ta sha ninki har ta soma rabewa biyu.

"Kai ka yi sakandare, ba ni ba. Karanta. Duk akun da ba shi da rufaffen zobe a ƙafa, na daji ne, sato shi aka yi. A ƙwace tsuntsu, a ɗaure mai shi shekara biyu."

"Daftari ne, Kawu. Ko majalisa ba ta gama karanta shi ba."

"Sai ranar tafiya za ka fafe gora ke nan? Nawa tara na saki jiya. Na buɗe ƙofofi, na juya baya, ban waiga ba. Tela ya saki nasa. Direba ya saki. Mai Kemis ma, da ke kwana ɗaki ɗaya da nasa, ya saki. Kai kaɗai ne mai zuciya?"

"Nawa duk suna da zobe."

"Ban da ita."

"Ban da ita," in ji Dogo. "Kuma tana kan ƙwai uku."

"Ƙwai uku a dama, shekara biyu a hagu. Auna."

"Kai ka ba ni ita."

"Tsuntsuwa na ba ka, ban ba ka kurkuku ba. In suka tasa ƙeyarka, da wane bakin zan gaya wa uwarka?"

Daga bayan buhunan wani gurnani ya taso, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Su biyun suka yi shiru lokaci guda, don kowannensu ya san ba a ɗaga murya kusa da mai kwanci. Kawu ya yar da takardar a gaban ƙafar Dogo. Ya kama bango ya sauka, bai yi sallama ba.

Zoben nan ba a sa wa babba. Ɗan aku mai kwana goma sha huɗu ake kamawa, a shafa wa ƙafarsa mai, a haɗa yatsu uku a zura, a zaro na huɗun da tsinke. Ƙafa ta girma a ciki, shi ke nan, ba ya fita, wani kuma ba ya shiga. Lokacin da aka ƙyanƙyashe Tsohuwa, shekara goma sha biyar ke nan, babu wanda ya damu da zobe. Dogo na aji biyu Kawu ya miƙa masa ita a cikin kwalin takalmi, tsirara, kai ya fi jiki, ido baƙi ƙirin.

Abin da masu kiwo suka sani a lokacin shi ne fito. Su goma sha ɗaya ne a garin, babu wanda ke ci da aku a cikinsu. Kowa da sana'arsa, Dogo walda yake yi. Kiwon sha'awa ce kawai, wadda matansu ke kira ciwo. Kowane mutum da irin fiton da yake yi da baki. In kana ɗura wa ɗan aku abinci da lanƙwasasshen cokali, ka yi ta maimaita fitonka har ya haɗa shi da ƙoshi. In tsuntsu ya kuɓuce wani ya tsinta, ranar Asabar a kawo shi bayan shagon Tela, a ajiye keji a tsakiya, kowa ya yi nasa. Wanda aku ya amsa wa shi ne mai shi. Ba rantsuwa, ba shaida.

Na Dogo gajeru biyu ne, sai ɗaya mai tsawo da ke gangarowa. Don Tsohuwa ya ƙirƙire shi. Duk sha biyun da ke sauran kejin 'ya'yanta ne da jikoki.

Akwai kuma doka ta biyu, ita ma daga Kawu ya koye ta: akun ƙwai ba a kallonta. In ta ga ido a kanta sai ta fasa ƙwan. Tun da aka haɗa Tsohuwa da miji, shekara tara, bayan buhu take. Ta wata 'yar taga yake tura kwano ya janyo. Ya yi fito, ta amsa daga cikin akwatin kwanci, kullum ita ce ta farko. Mijin ya mutu mako guda bayan ta yi ƙwai na uku. Waɗannan ne na ƙarshe.

Dogo ya ɗauki takardar, ya share kashin tsuntsu da ita.

Kwana uku ba labari. A na huɗu, da ya hau da tiren gyaɗa da masara, ya ga aku biyar a kan wayar wutar da ta gitta ta gaban benen. Jiki ruwan toka, bindi ja. Sun jeru kamar masu jiran likita.

Akun da aka rena da cokali bai san itace na 'ya'ya ba. Bai san ruwa na kwanciya a wani wuri ban da kwano ba. An sake su, sun yi ta zagaya garin, har suka jiwo kukan 'yan'uwansu daga bene ɗaya tak da ya rage.

Ɗaya ya karkata kai ya yi fito, uku a jere masu hawa. Na Tela ne. Na kusa da shi ya yi na Direba, mai kama da kiran kare.

Washegari sun zama sha huɗu. Ranar Juma'a ya ƙirga sau biyu, talatin da bakwai.

Ba fiton ne ya dame shi ba. Da tsakar rana, in unguwa ta yi tsit, sai gidaje goma su buɗe a sararin sama. Keken ɗinki na gudu. Tarin Kawu, mai tsawo, mai ƙarewa da tsaki. Waya na ƙara, wata murya na cewa, "Alo? Alo? Ba na ji." Ƙofa mai kuka tana buɗewa tana rufewa, ba mai shiga. Wata mace na kuka a hankali, irin na wadda ta toshe baki da mayafi, sai da ya daɗe yana sauraro ya gane muryar matar Direba ce, wadda kullum cikin dariya yake ganinta. Can daga ƙarshen wayar wata tsohuwa na roƙon a ba ta ruwa. Mahaifiyar Mai Kemis. Dogo na cikin waɗanda suka ɗauki makararta bara.

Ya ɗaga kai. Babu bakin da ke motsi. Aku ba ya buɗe baki in yana magana. Sai dai idanu, kowanne ta gefe ɗaya, duk a kansa.

Ya buga wa Tela waya.

"Naka shida suna nan a gabana."

"Nawa me?"

"Akunka."

"Dogo, ni tela ne. Allura da zare na sani. In riga ce, kawo."

"Ga kekenka nan yana ɗinki a bisa kaina."

"To ba shi yadi mana."

Tela ya kashe wayar. Direba bai ɗauka ba. Mai Kemis ya ce ai shi tun yana yaro gashin tsuntsu ke sa shi atishawa.

Matar Dogo ta daina shanya a sama. Ta ce kallonta suke yi kamar ta ci musu wani abu.

"Kar ka ba su ko ƙwayar masara, Malam. In ka ba su yau, ka aure su."

"Na ji."

"Ba ji nake so ba. Na san ka. Kai ko ɓera ka gani da ramammen wuya sai ka tambaye shi ko ya karya."

Kwana biyu ya daure. Yana ciyar da nasa da baya a juye, yana jin idanun a ƙeyarsa. A safiya ta uku ya tarar da ɗaya a gindin tankin ruwa, yatsu a dunƙule, tururuwa sun riga shi. Ya ɗaga. Ba nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjin kamar wuƙa. Ya juya shi ya sake juyawa, ya kasa sanin na wane ne. Matacce ba ya fito.

Ya sauka, ya cika tire na biyu, ya kawo kan tankin ya girgiza. Suka sauko. Ba faɗa, ba kuka, sai ƙarar ɓawon gyaɗa yana fashewa kamar yayyafi a kan kwano.

Haka aka yi kwana shida. A na shidan matarsa ta tare shi a gindin matakala, tana goge hannu da zane.

"Wai ka san kana yi kuwa?"

"Ina yin me?"

"Fiton nan. Daga kicin nake jin ka."

"Nawa nake yi wa."

"Kana gamawa da naka, ka ɗauki tiren baƙi, ka sake yi. Kullum. Su a gida suka baro kunnuwansu?"

Dogo ya tsaya da tire a hannu.  Bai tuna ya yi ba, ko sau ɗaya. Shekara goma sha biyar hannunsa bai taɓa miƙa wa tsuntsu abinci bakinsa na rufe ba. Sabo turken wawa.

Washegari ya ciza guntun sandar walda tsakanin haƙora kafin ya hau, don kada leɓɓansa su haɗu. Da ya kai sama sai ya ji abin da bai saba ji ba. Shiru. Babu keken Tela, babu tari, babu mai neman ruwa. Nasa na cikin keji ma sun laɓe a kan sandunansu. Iska ta ɗan kaɗa buhunan kejin Tsohuwa.

Ya ajiye tiren. Bai girgiza ba.

Na farkon wayar ya yi. Gajeru biyu, ɗaya mai gangarowa. Na biyu ya karɓa. Kafin Dogo ya zare ƙarfen daga bakinsa, duk talatin da shidan sun ɗauka tare, murya ɗaya, har da ɗan numfashin da yake ja kafin na ukun, wanda shi kansa bai san yana ja ba sai ranar. Daga bayan buhu Tsohuwa ta amsa musu.

Tun daga nan suka fara bin sa. Shagonsa layi uku ne daga gida. Yana tafe a ƙasa, suna tafe a sama, daga waya zuwa waya, ba kuka, sai fuka-fuki. In ya tsaya su tsaya. In ya sa gilashin walda ya sunkuya, su jeru a bakin rumfar suna kallon tartsatsi. Cikin kwana biyu suka haddace ƙarar injin, har in an ɗauke wuta sai a ji walda na ci a sama, mutane su leƙo suna tambaya ko ya sayi janareto.

Mai faci na maƙwabta ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Aku! Fadawa sun iso. A kawo musu benci?"

Dogo bai yi dariya ba. Duk layin ya san gidan da suke kwana.

Ranar Asabar ya je bayan shagon Tela. Goman duk suna nan a kan bencuna, ba keji a tsakiya, ba a taɓa yin haka ba. Hira ta mutu da suka gan shi. Ta sake mutuwa da suka ji saukar ƙafafu a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya.

"Kowa ya kwashi nasa," in ji Dogo. "Ni nawa sun ishe ni."

Aka kalli juna. Mai Kemis na wasa da makullin babur. Kawu ya gyara zama, bai dubi ɗan ƙanwarsa ba.

"Ka san yadda muke yi. Ba yau aka fara ba. Kowa ya kira."

Tela ya miƙe ya fita fili. Ya lashi leɓe, ya yi nasa, uku masu hawa. Tsuntsayen suka dube shi kamar sun ga bango. Direba ya yi. Mai Kemis ya yi. Malamin makaranta mai ritaya ya yi sau biyu, na biyun da ƙarfi, ya dawo ya zauna yana share gilashi. Haka har tara. Kawu ne na ƙarshe. Ya haɗa leɓɓansa ya busa. Fiton da ya girmi na kowa a wurin, wanda Dogo ya tashi yana ji.

Ba amsa. Can wani a tsakiyar rufin ya yi tarin Kawu, ya ƙare da tsaki. Shi ke nan.

"Yunwa malama ce," in ji Kawu a hankali. "Saura kai."

Dogo ya dantse baki. Bai yi ba. Ba a ma buƙaci ya yi ba, su suka yi masa, duka, har kwanon ya amsa.

Abin da ya gani a fuskokin nan goma ya fi fiton muni. Sauƙi ne. Kowa ya sauke numfashi kamar an ɗauke masa dutse daga ka.

"To, ai magana ta ƙare," in ji Tela. "Naka ne. Ba mu muka ce ba."

"Ku kuka watsar da su."

"Kai ka kira su. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Mai Kemis ya matso, ya tura masa wani ɗan ƙulli a kan benci. "Rabin cokali a tire guda. Ba sa wahala. Tunda kai suke ji, minti goma an gama."

Dogo ya dubi ƙullin, ya dubi mutumin. "Mahaifiyarka na can sama tana neman ruwa," ya ce. "Je ka ba ta da kanka."

Ya bar ƙullin a inda yake. Yana fita, rufin ya tashi ya bi shi.

Ranar Litinin rediyo ya ce daftarin ya wuce karatu na biyu, kuma ma'aikatan hukuma za su bi gida-gida su ƙirga tsuntsayen da ke hannun mutane kafin a kammala. Dogo bai je shago ba. Ya zauna a kan bokiti kusa da kejin Tsohuwa. Ya yi tunanin kai ta gidan surukansa, amma mai kwanci ba a motsa ta, kuma duk inda ya nufa akwai jerin shaidu a bisa kansa. Ya yi tunanin ƙara buhu. Ma'aikacin da ya hau matakala ashirin da biyu ba zai koma bai ɗaga buhu ba. Lissafinsa ya nuna saura kwana biyu ko uku ƙwan su fashe.

Talata, rana na shirin take tsaka, matarsa ta hau da gudu.

"Farar mota ta tsaya a bakin layi. Wata mata ta sauko da fayil. Mai faci na nuna mata gidan nan da baki."

Dabarar ta faɗo masa a nan take, kuma da ya sami ko rabin sa'a da ya gane ramin da ke cikinta. Tsuntsuwa marar zobe a keji laifi ce. Marar zobe a kan waya, cikin marasa zobe talatin da shida, ba ta kowa ba ce. In matar ta tafi, ya dawo da abarsa.

Ya fizge buhunan. Ƙurar shekara tara ta tashi. Ya buɗe ƙofar, ya buga akwatin kwanci da tafin hannu. Gurnani. Ya sake bugawa. Wani abu ruwan toka ya fito kamar harsashi, ya kafa masa baki a babban yatsa har ƙashi, ya bugi raga, ya sami ƙofa. Ta tashi da ƙyar, ƙasa-ƙasa, kamar wadda ta manta yadda ake yi. Sauran suka matsa mata. Ta sauka tana haki.

Ta huɗu daga turken wuta, hagu. Ya maimaita a ransa. Ta huɗu daga turke.

Ya zura hannu a akwatin ya ɗebo ƙwan, farare, da ɗuminsu. Ya miƙa wa matarsa. Ta naɗe su a ɗankwali ta cusa a ƙirji, ta dafe da hannu.

Ma'aikaciyar ta iso sama tana dafe da gwiwa. Babbar mace ce mai gilashi, da lema a hammata.

"Wanda ya gina matakalar nan ba ya son baƙi," ta ce. "Sannunku da gida. Kai, wannan rana!"

Ta buɗe lemar, fat.

Wayar ta tashi gaba ɗaya. Ba kuka, ba ihu. Suka yi sama a dunƙule, inuwarsu ta ratsa benen, suka kewaya tankin sau biyu, suka dawo suka jeru. Dogo ya ƙirga daga turke. Akwai ta huɗu. Akwai ta biyar da ta shida. Duk ɗaya suke.

"Ikon Allah," in ji matar. "Naka ne?"

"A'a."

Ya dunƙule yatsan da ke jini a cikin aljihu, ya dantse leɓɓansa. Ya jira su tona shi. Ba wanda ya yi motsi a cikinsu. Shirun ya fi masa nauyi.

Ta bi keji ɗaya bayan ɗaya, shi yana kamawa da tawul, ita tana karanta lambar zobe tana rubutawa. Ba ta sauri. Ta yaba tsaftar kwanukan. Ta ce wa wani mai ƙiba, "Kai kam ba ka san ana wahala a gari ba." Sha biyu cif. Ta tsaya a gaban na ƙarshen, ta dubi buhunan da ke zube, ta dubi ƙofar.

"Wannan fa?"

"Babu kowa."

"Kaico." Ta girgiza kai. "Gida na takwas ke nan yau. Ko'ina keji a buɗe, mai gida na rantsuwa bai taɓa ganin aku ba, alhali ga gashi har cikin butarsa. Wai wa ya ce muku ku saki?"

"Takardar ta ce..."

"Wace? Ta farko? An yi mata gyara tun makon jiya, shi ya sa aka turo mu. Tsohon da aka haifa kafin zobe, in mun same shi a hannun mai shi yau, mu ɗauki hotonsa, mu rubuta, ya zauna inda yake har ƙarshen ransa. Biyu ga mutum ɗaya. Wanda ya haura biyu, wannan kam sai ya yi wa na sama da ni bayani."

Dogo ya ji benen ya ɗan karkata.

"Na kan wayar fa?"

"Waɗancan ba su da kowa, ai kai ma ka faɗa. Jibi masu raga za su zo su kwashe."

"Su kai su ina?"

Ta rufe biro da murfinsa. "Ba sashena ba ne, ɗana."

Daga bakin matakala matarsa ta yi magana, muryarta ba irin ta kullum ba. Hannunta na kan ƙirji, idanunta a waje.

"Malam. Ɗaya yana ƙwanƙwasawa."

Ma'aikaciyar ta juya ta dube ta, ta dubi akwatin kwancin, ta dubi aljihun Dogo inda jini ya fara ratso yadi.  Ta sake cire murfin biron.

"Ina da ɗaya," in ji Dogo. "Mace. Shekararta sha biyar."

"Tana ina?"

Ya je bakin bango. Ya bi wayar da ido daga turke zuwa turke, ya dawo. Ya nemi jini, baƙin baki ba ya nuna jini. Ya nemi wadda ƙirjinta ya goge saboda kwanci, rabinsu sun tsige gashin ƙirji don wahala. Ya nemi mai haki, duk sun huce. Ya lalubi fuskarta a cikin kansa, abin da ya samu 'yar tsirara ce a kwalin takalmi, mai baƙin ido. Idon nan ya daɗe da komawa ruwan ɗorawa, kamar na kowane babban aku. Sai a lokacin ya gane shekara tara ke nan da kunne kaɗai ya san ta.

Idanu talatin da bakwai, kowanne ta gefe ɗaya.

"Ina jira," in ji matar, ba da faɗa ba. "Akwai gidaje a gabana."

Abu ɗaya ya rage masa, ya kuma san abin da zai jawo. Kullum ita ce ta farko. Ko da ƙiftawar ido ta riga su, zai ji. Ya rufe ido don kunnensa ya buɗe. Ya jiƙa leɓe. Gajeru biyu, ɗaya mai gangarowa.

Babu ta farko. Tare suka amsa, kamar baki ɗaya ne aka raba wa jiki talatin da bakwai.

Sai iska ta buge shi. Suka sauko masa a kafaɗa, a ka, a dantse, farata na ratsa riga. Suka cika kan tankin, suka cika bango. Ɗaya ya sauka a kan fayil ɗin matar, ta sake shi ya faɗi, ta ja da baya har ta jingina da keji. Biyar suka taka a ƙasa, a hankali, da tafiyarsu ta gwame, suka shige kejin da ke buɗe. Uku suka hau bakin akwatin kwanci suna leƙa ramin da babu komai. Ba wanda ya shiga.

Shiru ya dawo. A cikinsa, daga ƙarƙashin hannun matar Dogo, wani siririn kuka ya fito, ɗan ƙarami, daga cikin ɓawo. Duk kawunan suka juya can lokaci guda.

Dogo na tsaye, hannuwa a buɗe, tsuntsaye har wuya. Ma'aikaciyar ta sunkuya a hankali ta ɗauki fayil ɗinta. Gilashinta ya zame zuwa ƙarshen hanci, ba ta gyara ba. Ta ɗora bakin biro a kan takarda.

"To, ɗana," ta ce, da muryar da ba ta fi raɗa ba, "wacce ce ita a ciki?"